Wa ke da bakin yi wa wani wa'azi kan 'yancin addini?

Baban Hanifa, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina so mu tattauna wata magana, kuma ina roƙon a yi ta da hankali, don na san tana da zafi.

Tun ranar 31 ga Oktoba 2025 da Trump ya mayar da Najeriya cikin jerin ƙasashen da Amurka ke zargi da tauye 'yancin addini, kowa ya ɗauki ɓangare. Wasu na cewa sharri ne aka ƙulla mana, wasu na cewa gaskiya ce ta yi halinta. Ni abin da na gani shi ne gwamnatoci biyu na jayayya a kan gawarwakinmu, kuma a cikinsu babu wadda za ta iya dafa littafin da ta yi imani da shi ta rantse cewa don Allah take yi.

Ku dubi tarihin jerin nan. A Disamba 2020 Pompeo, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, ya sa mu. A Nuwamba 2021 magajinsa Blinken ya cire mu, ana gobe zai sauka Abuja. To me ya gyaru a shekarar da aka cire mu? A 2021 ɗin ne aka kwashe 'yan matan Jangebe 279. A 2021 ɗin ne aka shiga makarantar tarayya ta Birnin Yauri. Ƙasa ba ta canza ba, masu mulki a Washington ne suka canza. Saudiyya na cikin jerin tun 2004, amma ana ɗage mata takunkumi saboda abin da ke tsakaninsu. Indiya kuwa, hukumar da Amurka ta kafa da kanta don sa ido kan 'yancin addini tana ta ba da shawarar a sa ta tun 2020, ba a sa ba.

Amma wanda ya fi ƙona min rai shi ne amsar tamu gwamnatin. Da aka ce ana kashe Kirista, sai ta ce ai Musulmi ma ana kashe su. Jama'a, wannan kariya ce ko amsa laifi? An ce ka bar ɗanka ɗaya a hannun 'yan bindiga, ka ce a'a, su biyu na bari.

Abu Sumayya, Gusau

Wa alaikumus salam. Baban Hanifa, rabin maganarka na yarda da shi, rabin kuma a'a. Kada ka haɗa mu da su a ma'auni ɗaya. Faransa ta hana ɗan kwali a makarantun gwamnati tun 2004, ta hana niƙabi a 2010, ta hana abaya a makarantu a 2023. Ko a gasar Olamfik ta 2024 da aka yi a Paris, 'yan wasanta mata ba a bar su sun sa hijabi ba. Suwizalan ta yi ƙuri'a a 2009 ta hana gina hasumiyar masallaci. Ka taɓa jin an yi musu barazanar kawo hari irin wadda Trump ya yi mana? Mu a nan Gusau coci-coci na nan, ana ibada duk Lahadi, babu dokar da ta hana Kirista sa sarƙar gicciye. Manufar duk wannan hayaniya ita ce Shari'a, ita suke so a soke.

Maman Rahila, Zuru

Salama gare ku. Na daɗe ina karatu a zauren nan ban cika magana ba, amma yau zan yi.

Malam Abu Sumayya, abin da ka faɗa kan Faransa gaskiya ne, kuma ni Kirista ce amma ban ga dalilin da za a tuɓe wa yarinya ɗan kwali a ƙofar makaranta ba. A gidanmu akwai Musulmi akwai Kirista, akwai ma kakanni da suka rasu a kan addinin gargajiya. Haka ƙasar Zuru take. Da Sallah muna cin nama, da Kirsimeti ana aiko yara karɓar shinkafa.

Amma da ka ce coci-coci na nan, ka tambayi masu su yadda aka samu filin? Majami'armu da ke wani gari a arewacin jihar nan ta nemi takardar mallakar fili, shekara da shekaru ana cewa a dawo. Ba a ce a'a ba, ba a kuma sa hannu ba. Wasu sai su sayi fili da sunan gidan zama, su yi ibada cikinsa da fargaba, don ranar da aka ga dama za a ce sun saɓa ƙa'ida. Yaranmu a makarantun gwamnati da yawa ba su da malamin darasin addinin Kirista. A azumin 2025 aka rufe makarantu a Kebbi da Kano da Katsina da Bauchi, ba a ko zauna da iyayen da ba Musulmi ba. Ban ce ana mana kisan ƙare dangi a Kebbi ba. Ƙarya ce idan na faɗi haka, don 'yan bindigar da suka tashi ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba ba su tambayi addinin kowa ba. Amma idan jami'in gwamnati ya tsaya gaban 'yan jaridar waje ya ce babu wani bambanci da ake nunawa, ni na san ba haka ba ne, shi ma ya sani.

Abu Sumayya, Gusau

Maman Rahila, to a kudu fa? Sai da aka kai Kotun Ƙoli a 2022 kafin 'yan mata Musulmi su samu damar sa hijabi a makarantun Legas. Firdausi Amasa an hana ta rantsuwar zama lauya a 2017 saboda hijabi. Je ki nemi filin masallaci a wasu garuruwan kudu maso gabas ki ji.

Maman Rahila, Zuru

Na yarda. Amma ni ba a Legas nake ba, Malam. Zaluncin da aka yi wa 'yar'uwarka a can bai biya nawa a nan ba. Kuma ka lura, irin amsar da Baban Hanifa ya ce gwamnati ta bayar ita ce ka ba ni yanzu.

Baba Liman, Gwandu

Ɗiyata Maman Rahila, kin yi magana, kuma wanda duk ya san Allah ba shi musanta ta. Abu Sumayya, ka yi haƙuri, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ni ina cikin waɗanda sunka tai Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999 da Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a. Mun yi kuka don murna, kuma har gobe ina kan cewa Musulmi na da haƙƙin a yi mai hukunci da dokar addininshi. Wagga magana ba ni janye ta don Amurka ta ɗaure fuska. Amma mi anka yi da amanar? A Maris 2000 anka yanke hannun Buba Jangebe kan satar saniya. Daga ranar zuwa yau, wane babba guda anka tsayar gaban alƙalin Shari'a kan kuɗɗin jama'a? Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce abin da ya halaka waɗanda sunka gabace mu shi ne in mai daraja ya yi sata su ƙyale shi, in mai rauni ya yi su tsai da haddi. Wanga hadisi kowane ɗalibi ya san shi. Shugabanninmu sun ɗauki sunan Shari'a sun ci zaɓe, sun bar nauyinta a wuyan talaka.

Kuma Shari'ar da munka karanta ta ba wanda ba Musulmi ba amana. Jininshi da dukiyarshi da wurin ibadarshi duk suna cikin kariya. Wanda ya riƙe takardar filin coci cikin durowa shekaru, ba addini ya kare ba, amana ya ci.

Ummu Aisha, Wasagu

Allah ya saka da alheri Baba. Ni maganar Maga nake so in yi, don a nan kusa da mu abin ya faru.

Ranar 17 ga Nuwamba 2025 aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga da asuba, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da yara 25. Iyaye na cikin kuka, sai ga wani ɗan majalisar Amurka ya rubuta cewa yankin Kirista aka kai wa hari. Nan take mutanenmu suka shiga fito da sunayen yaran don a nuna Musulmi ne. Wallahi ranar na ji kunya ta kama ni. Yara na daji ba takalmi, mu kuma muna ƙirga sunayensu don a ga wa ya ci gardama. Bayan kwana huɗu aka kwashe na makarantar Katolika ta Papiri a jihar Neja, sai ɗaya ɓangaren ya ce kun gani ko.

Gwamnan jihar nan da bakinsa ya tambayi dalilin da ya sa aka janye sojoji daga makarantar jim kaɗan kafin harin. Wannan ita ce tambayar. Ita ce kuma aka fi saurin mantawa da ita, don ba ta da amfani ga masu faɗan addini na ciki da na waje.

Ɗan Kaura, Kaura Namoda

Tunda an buɗe, bari in faɗi wadda kowa ke tsallakewa. Zariya, Disamba 2015, lokacin da sojoji suka far wa mabiya Zakzaky. Gwamnatin Kaduna da kanta ta shaida wa kwamitin bincike cewa an binne mutum 347 a rami ɗaya a Mando. Kwamitin ya ba da shawarar a gurfanar da sojojin da ke da hannu. Wa aka gurfanar? A Disamba 2016 kotun tarayya ta ce a saki Zakzaky da matarsa, gwamnati ta ƙi, sai a Yuli 2021 da wata kotu a Kaduna ta wanke su. A 2019 kuma aka haramta ƙungiyarsa gaba ɗaya. Wannan gwamnatin tarayya ce fa, wadda ke zuwa taron ƙasashen Musulmi tana kukan yadda ake ƙyamar Musulunci a Turai.

Abu Sumayya, Gusau

Kai kuma ɗan Shi'a ne ashe. Su wa suka tare wa shugaban sojoji hanya?

Ɗan Kaura, Kaura Namoda

Ni ba ɗan Shi'a ba ne, a masallacin Izala nake sallah, kuma tare hanyar da suke yi ya sha ɓata min rai. Amma hukuncin tare hanya a wace doka ne kisan ɗaruruwa har da mata da yara? Mu da yawa mun yi shiru lokacin, wasu ma sun yi murna, don ba namu aka taɓa ba. Ranar 3 ga Disamba 2023 jirgin soja ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri, mutum sama da 80 suka mutu. A nan ma na ji wasu na cewa ai bidi'a suke yi. Idan sai wanda aƙidarsa ta yi daidai da tawa zan nema wa haƙƙi, to da wane baki zan zagi Trump don ya zaɓi Kirista kaɗai?

Mai kula da zaure

Jama'a a kiyaye. Babu laƙaba wa kowa ɗariƙa ko ƙungiya. Abu Sumayya, a mayar da martani kan hujja.

Barista, Jega

Bari in sa baki ta fuskar doka, don wasu abubuwan a rubuce suke.

Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini, har da 'yancin canza shi, da yin ibada a fili ko a ɓoye, shi kaɗai ko cikin jama'a. Ya kuma ce ba za a tilasta wa ɗalibi darasin addinin da ba nasa ba. Sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin na gwamnati. Sashe na 42 ya hana nuna bambanci saboda addini. A takarda ba mu da matsala. Waɗannan sassan ne jami'anmu ke karanta wa Turawa duk lokacin da aka taso mu.

Matsalar tana wajen hukunci. A Agusta 2016 a Talata Mafara aka zargi wani ɗalibi da ɓatanci, aka yi masa duka, sannan aka ƙona gidan mutumin da ya kai shi asibiti, mutum takwas suka mutu. A Mayu 2022 aka kashe Deborah Samuel a kwalejin Shehu Shagari ta Sakkwato, aka ɗauki bidiyo, fuskoki a bayyane. Waɗanda aka kai kotu ba da laifin kisa aka tuhume su ba, da haɗa baki da tayar da hankali ne. A Yuni 2023 aka kashe Usman Buda, mahauci, Musulmi, a Sakkwaton dai. Ko a Shari'a, Baba Liman na nan ya gyara min, babu inda aka ba taron jama'a ikon yanke hukunci a titi. Sai an je gaban alƙali, an kawo shaidu, an ji ta bakin wanda ake zargi. Gwamnati ta san haka, malamai sun san haka. Tsoron rasa ƙuri'a ne ke sa a kau da kai.

A waje kuma, ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. A Yuli 2019 ƙasashe 37 suka sa hannu a wata wasiƙa zuwa hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya suna yaba wa Sin kan yadda take tafiyar da yankin Shinjiyan, inda aka tsare Musulmin Uigur a sansanoni. Najeriya na cikin masu sa hannun. Saudiyya na ciki, Masar na ciki, Pakistan na ciki. Sin ce ke ba mu bashin layin dogo. A wannan shekarar ce Gambiya, ƙasar da yawan jama'arta bai kai na jihar Kebbi ba, ta kai Myanmar kotun duniya kan Musulmin Rohingya. Wato ana iya yi, idan an so.

Baba Liman, Gwandu

Babu gyara, Barista. Hukunci na alƙali ne. Wanda ya ɗauki dutse ya kashe mutum kan zargi, shina da jini a wuyanshi, ko da kabbara ya yi.

Abu Sumayya, Gusau

Wannan ta Uigur ban san da ita ba, kuma ta yi min ciwo. Amma har yanzu ina kan bakana cewa Amurka ba don Kirista take yi ba. Da don su ne, ina take lokacin da aka kai hari cocin Saint Porphyrius a Gaza a Oktoba 2023, da cocin Katolika na can a Yuli 2025? Da makaman wa ake yaƙin?

Baban Hanifa, Birnin Kebbi

A nan ba mu da saɓani. Ƙara da wannan: gwamnatin da ta ce Kiristocin Najeriya na cikin haɗari ita ce ta dakatar da shirin karɓar 'yan gudun hijira a Janairu 2025, daga baya ta rage adadin zuwa 7,500 a shekara, mafi yawa kuma ta ware wa Turawan Afirka ta Kudu. A Disamba 2025 ta ƙara tsaurara wa 'yan Najeriya biza, Musulmi da Kirista. Sannan daren Kirsimeti ta harbo makamai jihar Sakkwato, har ɓaraguzai suka faɗa Jabo. Ministan harkokin wajenmu ya ce da yardarmu aka yi, mu muka ba da bayanan sirri. Gwamnatin da wata biyu kafin nan take cewa ƙarya ake mata. Trump ya faɗa wa masu zaɓensa ya rama wa Kirista, Abuja ta faɗa mana haɗin gwiwa ne kan ta'addanci. Hari ɗaya, labari biyu, kowa da wanda yake sayar wa mutanensa.

Amma Abu Sumayya, munafuncin Amurka ba ya wanke namu. Mutanen Mera a Augie da Lakurawa suka kashe a Nuwamba 2024, ba Amurka ce ta rantse za ta kare su ba.

Ɗan Kaura, Kaura Namoda

Wani abu kuma, yadda gwamnati ke nuna son addini. A 2024 aka ba da tallafin naira biliyan 90 na aikin Hajji. Akwai hukumar alhazai, akwai ta masu ziyarar Kirista zuwa Urushalima, kowace da kasafinta. Kujerun Makka ana raba wa 'yan siyasa da malaman da ke kusa. Amma ƙauyuka nawa a Zamfara aka daina sallar asuba a jam'i don tsoro? An sha kwashe mutane a sahu, kamar a Tsafe. A Unguwar Mantau ta Malumfashi, Agusta 2025, a cikin masallaci aka buɗe musu wuta. Mutumin da ba ya iya fita masallacin ƙofar gidansa, wane 'yancin addini yake da shi? A 2017 da sanƙarau ke kashe mutane a nan Zamfara, gwamnan lokacin cewa ya yi zunubanmu ne suka jawo. Addini ya zama wurin fakewa duk lokacin da aka kasa aiki.

Ummu Aisha, Wasagu

Haka yake a wajenmu. Akwai ƙauyukan da coci da masallaci duk an bar su, ciyawa ta cinye, mutanen suna gudun hijira a Ribah da Zuru, wasu ɗaki guda suke kwana.

Abu Sumayya, Gusau

Maman Rahila, in koma kan maganarki. Na yi miki gaggawa ɗazu. Tambaya nake da gaske: wannan takardar fili, ƙin ba ku aka yi don coci ne, ko irin jan ƙafar da ake yi wa kowa ne? Don ni ma takardar shagona ta daɗe.

Maman Rahila, Zuru

Tambaya ce mai kyau. Jan ƙafa akwai shi ga kowa, ban musa ba. Amma waɗanda suka nema bayanmu don gidan zama da shaguna a unguwar sun karɓa. Wani ma'aikaci, Musulmi, mutumin kirki, ya ja dattijonmu gefe ya ce masa babu wanda zai yarda sa hannunsa ya fito a kan takardar coci a garin, don kada a yi masa surutu. Shawarar da ya ba mu ita ce mu canza abin da muka rubuta za a gina. Dattawa suka ƙi, suka ce ba za su fara ɗakin ibada da ƙarya ba.

Barista, akwai abin da doka ta tanada, ko haƙuri ne kawai?

Barista, Jega

Akwai, Maman Rahila. Dokar filaye ta 1978 ta sa filin birni a hannun gwamna, shi ke ba da takardar, amma riƙon amana ne ga dukkan 'yan ƙasa, kuma ikon nasa na ƙarƙashin sashe na 42. Sashe na 46 ya ba wanda aka tauye wa haƙƙi damar zuwa babbar kotu kai tsaye. Abin da ke kayar da irin wannan ƙara shi ne rashin shaida a rubuce, don ba a taɓa ce muku a'a a takarda ba. Saboda haka ku fara da wasiƙar tuni mai kwanan wata, a buga muku hatimin karɓa a kwafinku. Ku tattara rasit na duk kuɗin da kuka biya da lambar fayil. In za ku iya samun shaidar waɗanda suka nema bayanku suka samu, ita ce mafi ƙarfi. Ku kai kwafi ofishin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa da ke jihar. Kada ku ambaci sunan ma'aikacin da ya ba ku shawara, za a huce a kansa.

Baba Liman, Gwandu

In an rubuta wasiƙar a aiko min in gani. Ina da waɗanda sunka yi karatu wurina a cikin ma'aikatu, zan yi musu magana da bakina.

Maman Rahila, Zuru

Na gode Baba, na gode Barista. Zan kai wa dattawa ranar Lahadi. Lambar fayil ɗin tana wurin ma'ajinmu, rasit ɗin farko ne ban tabbata yana nan ba, sai an duba.